Awakin Abzin sun koma hannun mata

Da na je zagayen rigakafi a ƙauyukan dutsen Bagzan da Timiya, cikin Abzin, samari kaɗan na tarar. Damina ta daina zuwa da tsari: bana fari, baɗi ruwa ya zubo lokaci guda, ƙorama ta kwashe garake da rijiyoyi, kamar ambaliyar Agadas ta 2009. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, da yawa can suka nufa, wasu kuma Aljeriya.

Bisashe sun rage hannun mata da tsofaffi. In ciyawa ta ƙare bisa dutse, sai su gangaro da awaki kwari, a haɗu da garken wasu a rijiya ɗaya. Nan annobar awaki da tumaki, wadda muke kira PPR, ke samun hanya: zazzaɓi, majina, gyambon baki, zawo. Ƙananan ne ke fara faɗuwa. Allura ɗaya kuwa tana kare akuya aƙalla shekara 3.

Da farko mun yi kuskure. Mazan da suka rage muka gaya wa ranar allura, labari bai kai ga masu kiwon ba, awaki kaɗan suka zo. Yanzu ta ƙungiyoyin mata muke bi, tun kafin a gangaro. Ku na Tawa da Damagaram, inda maza ke tafiya cirani, ku duba wa ke riƙe da garke kafin ku sa ranar rigakafi.