Littafin Da Aka Bar Ƙofarsa A Buɗe

Yau shirin namu zai leƙa wani littafi ne da duk mai so zai iya sa hannu a rubutunsa.

Sunansa Pro Git. Yana koyar da Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005 don masu rubuta manhaja su yi aiki tare, ba wanda ya take aikin wani. Scott Chacon ne ya rubuta shi, kamfanin Apress ya buga a 2009, bugu na biyu kuma ya fito a 2014 da hannun Ben Straub. Na takarda sayar da shi ake yi, amma rubutun yana nan kyauta a shafin intanet na GitHub. Ka ga kuskure? Sai ka gyara ka aika, masu kula da littafin su duba, in ya yi su karɓa. Ta haka 'yan sa-kai suka fassara shi zuwa Faransanci, Rashanci, Jafananci da sauransu.

Abin da ya ba su dama lasisi ne na Creative Commons, ƙungiyar da Lawrence Lessig da abokansa suka kafa a Amurka a 2001. Lasisin ya ce ka kwafa, ka fassara, amma ka ambaci masu littafin, abin da ka fitar ka sake shi bisa lasisi iri ɗaya, sannan kada ka yi kasuwanci da shi.

To, a sharaɗin ƙarshen nan gizo ke saƙa. A ce wata ɗaliba a Jami'ar Bayero ta mayar da shi Hausa. Tana iya tura wa duk ajinsu ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Amma ranar da ta buga shi ta kai kasuwar Sabon Gari ta sa masa farashi, sai da izini. Ko a Wikipedia ta Hausa ba za ta iya zuba fassarar ba, don lasisin can ya halatta kasuwanci, nata kuwa ya hana. A ganina, inda kuɗin data ke cin aljihu, kuma takarda ba a kyauta ake samunta ba, wannan sharaɗi takura ce. Su kuwa marubutan littafin da ke koyar da Subversion, wata manhaja irin Git, wanda kamfanin O'Reilly ya buga a 2004, ambaton suna kawai suka nema.

Malamanmu masu rubuta littattafan lissafi, lantarki da kwamfuta, don Allah ku zaɓi lasisinku tun kafin hannaye su yi yawa, domin daga baya sai kun bi duk wanda ya ba da gudunmawa kun nemi yardarsa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.