Benayen da Ke Tsirowa a Bakin Tekun Legas

Karon farko da na ga teku, a kan kwalta na gan shi. A 2005 ne, na je hutu wurin kawuna da ke gadin wani gida a titin Ahmadu Bello, a Victoria Island. Mun fito sallar asuba sai ga ruwa ya haye titi, ya kwaso yashi da tarkace ya jibge a ƙofar gida. Ni jikina ya ɗauki rawa. Shi kuwa ya naɗe ƙafar wando ya ce, "Ɗana, haka muke fama da shi. Kowace shekara sai ya ƙara matsowa."

A zuwana na baya-bayan nan na koma na tsaya daidai wurin. Kawu ya daɗe da komawa gida, tekun ma ya ja da baya, da kyar ake hango shi daga titi. Inda igiyar ruwa ke tashi a da, yanzu fili ne shimfiɗe, da tituna da gadoji da fitilun kan hanya, ga dogayen benaye tsaye nan da can. Wannan shi ne Eko Atlantic, sabuwar unguwar da aka ƙwato daga bakin teku.

Asalin matsalar ya girmi kowa a cikinmu. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulki suka jera duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. Jirage sun samu hanya, amma yashin da ruwa ke turowa daga yamma ya daina isowa Bar Beach, gaɓar da ke gaban titin Ahmadu Bello. Teku na ɗiba, ba a mayarwa, har gaɓar ta zaizaye ta iso gindin gidaje. Maganin da aka tsayar a ƙarshe shi ne a zuƙo yashi daga ƙasan teku da manyan jirage, a cike wurin, sannan a kare shi da katanga. Kamfanin South Energyx na rukunin Chagoury ya ɗauki aikin tare da gwamnatin jihar Legas, aka fara a wajajen 2008. Katangar, wadda aka tsara za ta kai kilomita takwas da rabi, duwatsu ne jibge, an lulluɓe su da curin kankare masu nauyin tan biyar-biyar, an sarƙe su da juna yadda ruwa zai daka ƙarfinsa ya karye. A watan Fabrairun 2013 aka yi bikin ƙaddamar da filin, Shugaba Goodluck Jonathan da Gwamna Babatunde Fashola da tsohon shugaban Amurka Bill Clinton duk suna wurin. An ce idan aka kammala mutum 250,000 za su zauna a ciki.

To, ina aka kwana? Abin da ido ke gani shi ne, benen farko na rukunin Eko Pearl, mai hawa 24, an buɗe shi a 2016, na biyu ya biyo baya, alhali biyar aka tsara. Rukunin Azuri ya tashi a gefen inda za a riƙa ɗaure ƙananan jiragen ruwa. A watan Maris na 2022 Amurka ta aza harsashin sabon ƙaramin ofishin jakadancinta a can, aikin dala miliyan 537. A watan Maris na 2025 bankin First Bank ya aza harsashin sabuwar hedikwatarsa, wadda aka ce za ta kai hawa 40. Daga bakin unguwar kuma aka fara babban titin gaɓar teku da zai nufi Kalaba. Duk da haka, in mutum ya tsaya ya waiga, filin da babu komai a kansa ya fi wanda aka gina yawa nesa ba kusa ba. Ciyawa ta fito a fulotai da dama.

Mutane da yawa in sun ga haka sai su ce aikin ya mutu. Ni ban yarda ba, domin na ga yadda ake gina irin wannan bene da idona. Ɗan kawun nan nawa, wanda aka haifa a Obalende, yanzu ɗaurin rodi yake yi a wani bene da ake ginawa a Ikoyi, kuma ya nema mini izini na kwana biyu ina shiga wurin aikinsu.

Abu na farko da na koya shi ne, rabin wahalar benen Legas a ƙarƙashin ƙasa take. A Kano ko Zariya magini zai haƙa kamu kaɗan ya tarar da ƙasa mai tauri. A tsibiran Legas kuwa yashi ne da laka da ruwa, in ka haƙa rami da safe kafin azahar ya cika. Don haka sai a kawo injin haƙa mai kama da na rijiyar burtsatse, amma ya fi shi girma ƙwarai, ya huda ƙasa mita gomomi har ya kai inda za ta iya ɗaukar nauyi. A zura kejin rodi a ramin, a cika da kankare. Irin waɗannan turakun ana iya yin ɗaruruwa kafin a ɗora faffaɗan kankaren da zai haɗe kawunansu. Wata shida, wani lokaci shekara, mai wucewa ba ya ganin komai sai shingen kwano da motocin siminti suna shiga suna fita. Injiniyan wurin, wani dattijo Bayerabe mai jin Hausa, ya ce mini, "Malam, ranar da ka ga bene ya leƙo sama da shinge, mu mun riga mun ci rabin tsoronmu."

Daga nan sai aikin ya koma maimaici. A fara da cibiyar ginin, wato kaurin bangon kankare da ke tsakiya inda lifta da matakala za su bi, shi ne ƙashin bayan da ke hana iskar teku kaɗa benen. Kafintoci su kafa katako, masu rodi su shimfiɗa su ɗaure da waya, masu lantarki da famfo su binne bututunsu, injiniya ya zagaya ya duba, sannan a turo kankare ta bututu daga ƙasa. Idan kuɗi na gudana kuma ruwan sama bai hana ba, ana iya gama hawa ɗaya cikin mako ɗaya ko biyu. Amma kankare ba ya son gaggawa. Kwana 28 yake ɗauka kafin ya kai ƙarfin da aka yi lissafi a kansa. Shi ya sa duk zubin da aka yi sai a ɗebi kaɗan a zuba a ƙananan akwatuna, a rubuta kwanan wata, a jiƙa a ruwa, bayan kwana bakwai a kai wasu a matse da inji har su fashe, sauran kuma ranar kwana 28. In sun fashe da wuri, to wannan zubin akwai magana. Na tsaya ina kallon waɗannan ƴan curin, kowane bai kai bulo ba, ina tunanin rayukan da suka rataya a kansu.

Ko an kai hawan ƙarshe ma da sauran aiki. Gilashi, lifta, na'urorin sanyaya ɗaki, famfunan kashe gobara, janareto, injin tace ruwa, kusan duk daga waje ake shigo da su, kuma da dala. Nan ne benaye da yawa ke tsayawa. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. A daidai lokacin buhun siminti ya wuce naira 10,000 a wurare da dama. Yawancin masu gina waɗannan benaye tun a takarda suke sayar da gidajen, mai saye ya riƙa biya kashi-kashi, da kuɗinsa ake aikin. Wanda ya sayar a tsohon farashi ya zo sayen lifta a sabo, dole aiki ya tsaya. Saboda haka in ka ga ƙugiyar ɗaga kaya tsaye a kan bene wata da watanni ba ta juyawa, sau da yawa ba injiniya ne ya gaza ba, aljihu ne. Ni dai yanzu ba hawa nake ƙirgawa ba. Da dare nake dubawa, in ga tagogi nawa ne ke da haske.

Wani zai tambaya, me ya sa ake cusa shaguna da ofisoshi da gidajen kwana a bene guda? Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A Sabon Gari da Fagge an daɗe ana shago a ƙasa, iyali a sama. Bambancin kawai girma ne. Legas ce jiha mafi ƙarancin fili a Najeriya, ga ruwa ya cinye kaso mai yawa, ga jama'a sun haura miliyan goma sha biyar. Wanda ke kwana a Agege yana aiki a tsibiri sai ya fito tun kafin kiran assalatu ya bi gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, ya dawo bayan isha. Mai hali zai biya ko nawa ne don ya sauko daga ɗakinsa ta lifta ya shiga ofis. Mai gini kuma in hayar ofis ta yi sanyi, ta gida ta riƙe shi.

Hawa sama ba jiya Legas ta fara ba. Benen NECOM mai hawa 32 tun 1979 yake tsaye a Marina, gobarar 1983 ta ci shi amma bai faɗi ba. Wannan ya sa abin da ya faru ranar 1 ga Nuwamban 2021 ya fi ciwo. Ranar Litinin da rana, bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard a Ikoyi ya rufta gaba ɗaya, hawa kan hawa. Sama da mutum 40 suka rasu, har da mai ginin. Jami'an jiha sun ce izinin hawa 15 aka bayar. An kuma gano cewa injiniyan da ya fara kula da aikin ya janye hannunsa a rubuce tun 2020. Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya dakatar da shugaban hukumar kula da gine-gine ta jihar, aka kafa kwamitin bincike. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu cikakken jerin sunayen ma'aikatan da ke ciki, sai da aka nemi iyalai su zo su rubuta wanda suke nema. Lebura ɗan ci-rani da iyalinsa ke Sakkwato ko Maraɗi, wa zai zo ya rubuta sunansa?

Ba don komai na kawo wannan ba sai don ƴan'uwanmu suna cikin wannan aiki dumu-dumu. Su ne masu gadi, masu sauke siminti, masu haƙa, masu shayi a bakin shinge, direbobin tirelolin da ke jigilar siminti daga Ibese. Ɗan kawuna ya nuna mini wani sashe a hawa na goma sha huɗu, ɗaki uku da falo, teku na leƙowa ta taga. Ya ce, "Yaya, da dala ake faɗin kuɗinsa. Ladan shekarata ba zai biya kuɗin shara da wuta na wata uku ba." Bai faɗa da ƙyashi ba. Shi burinsa ya gama ɗakuna biyun da ya fara a gida.

A ganina gina waɗannan benaye ba laifi ba ne. Katangar nan ta hana teku cin Victoria Island, kuma aikin na ciyar da gidaje masu yawa. Amma kada a ce mana su ne maganin matsalar muhalli a Legas, domin ba don talaka aka yi su ba. Tarihin wannan yanki ma shaida ne. A watan Yulin 1990 aka rushe unguwar Maroko, aka tashi mutane kusan 300,000, yau filin yana cikin mafi tsada a ƙasar. Masuntan Okun Alfa da ke gabas kuwa sun daɗe suna kukan cewa ruwan da aka kora daga Bar Beach wurinsu ya koma, duk da masu aikin sun musanta. Gwamnatin da ta iya haɗa kai da ƴan kasuwa aka ture teku, za ta iya haɗa kai da su a gina benaye masu hawa biyar ko shida kusa da tashoshin jirgin ƙasa, waɗanda malamin makaranta da direba za su iya kamawa.

Kai kuma ɗan'uwa da ke shirin ɗaukar jaka ka nufi Ikko neman aikin gini, ka duba allon da ke ƙofar wurin, ka sa a karanta maka hawa nawa aka yarda a yi. Ka tabbata an rubuta sunanka da lambar wani naka a littafin shiga kowace safiya. Kada ka hau sama babu hular kwano da igiyar ɗaure ƙugu, kada ka yarda ka kwana a cikin ginin da ba a gama ba. In ka ga ana cire katakon da ke tokare da rufi tun kankare bai yi ƙwari ba, ko ka ga ginshiƙi ya tsage, ka gaya wa abokan aikinka, ku sauko, ko da za ku rasa kuɗin ranar.