Tufafin Mai Neman Aiki: Daga Gidan Rumji Zuwa Gaban Masu Tantancewa

Tun daga shekarar 2019, sa'ad da fitinar ƴan bindiga ta koro dubban bayin Allah daga Zamfara da Sakkwato suka ƙetaro zuwa yankin Gidan Rumji, har aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, ƙungiyoyin agaji suka yawaita a jihar Maraɗi, kuma da zuwansu wata ƙofar abinci ta buɗe wa matasanmu, domin ana bukatar masu ƙidaya da tafintoci da direbobi da ungozomai. Sai dai ba a ɗaukar kowa sai ya zauna gaban masu tantancewa an yi masa tambayoyi, kuma kafin ya buɗe baki idanunsu sun riga sun sauka a kan tufarsa.

Wani ɗan ƴar'uwata, da aka kira shi irin wannan zama a Maraɗi, ya shigo mini da magariba riƙe da baƙar kwat da ya aro, hannuwanta sun rufe masa yatsu, kafaɗunta sun zubo. Ya ce, "Kawu, an ce sai da irin wannan ake shiga ofishinsu." Na ce, "Ɗana, zanen aro ba ya rufe katara. Ina farin yadin da ka yi Ƙaramar Salla da shi?" A daren nan uwarsa ta zuba gawayi a dutsen guga ta bi rigar har karinta ya fito, muka ninke ta cikin leda tare da hula.

Ban ƙi kwat ba ga wanda ya mallake ta, ta zauna masa, kuma aikin da yake nema, kamar na banki, ya saba da ita. Amma wanda ya ɗaure wuyansa da baƙin ƙyalle a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, alhali bai taɓa sa shi ba, hankalinsa zai rabu biyu, rabi ga tambaya, rabi ga zufar da ke bin bayansa, sai amsar da ya sani ta kuɓuce masa. Kaftani da wando da hula sutura ce ta mutunci a kowace ma'aikata ta Nijar, daga ofishin magajin gari har fadar shugaban ƙasa a Yamai. Malamanmu na zaure ma, da suke karantar da babin fiɗira da tufafi a cikin Risala, ba tsadar yadi suke koya wa almajiri ba, tsabta ce da yanke farce da gyaran gashin baki da suturta al'aura, kuma waɗannan su ne ainihin abin da idon mai tantancewa ke fara kamawa.

Israfi shi ma aibi ne. Wanda ke neman aikin zagaya ƙauyuka a kan babur, in ya zo cikin babbar riga ta gezna mai aiki har ƙasa, yana ta naɗe hannu, ya nuna bai fahimci aikin ba. Direba kuwa ya zo da rufaffen takalmi da rigar da ba za ta kama giyar mota ba.

Ga ƴaƴanmu mata al'amarin ya fi sauƙi fiye da yadda suke zato: atamfa mai sanyin launi, ɗinkin da bai matse ba, hijabi ko mayafi wankakke wanda ba sai ana ta gyara shi ba. Lalle ado ne na asali, babu laifi gare shi, amma awarwaro masu ƙara da turare mai hawa kai a bar su sai ranar biki.

Abin da aka fi mantawa kuwa shi ne hanya. Tsakanin Gidan Rumji da Maraɗi akwai tafiyar kimanin kilomita 50 a kan babbar hanyar ƙasa da ta ratsa ta Tsibiri, kuma duk wanda ya taɓa shiga motar tasha, aka cusa shi tsakanin buhu da kaji, ko ya hau kabu-kabu a cikin ƙurar hunturu, ya san yadda farar riga ke komawa ja kafin a isa. Saboda haka yaron nan ya yi sammako bayan asuba cikin tsohuwar rigarsa, takardun shaidarsa na cikin jaka don kada su lanƙwashe, ya sauka gidan gwaggonsa a Maraɗi, ya yi alwala, ya goge takalmi, sa'an nan ya warware ledar.