Ƙaura zuwa Agadas: fili na da yawa, amma ruwa ne ke yanka iyakar gari

Kowace shekara da an gama kaka, an ɗaure dammuna an zuba a rumbu, tashoshin mota na Damagaram da Tawa da Maraɗi sai su cika da masu tafiya arewa. Wannan ba sabon abu ba ne, biɗa gadonmu ce. Abin da ya canza shi ne, a da saurayi ne ke tafiya shi kaɗai da ƴar jakarsa, ya yi wata biyar ko shida ya komo kafin shuka. Yanzu sai ka ga magidanci da matarsa da yara, tabarmi da tukwane a bisa mota, sun ce Agadas za su zauna. Wasu kuma suna can Libiya ko Aljeriya ko Abijan, suna aiko da kuɗi a saya musu fili a Agadas, don an faɗa musu garin na buɗewa.

Gaskiya ne garin na buɗewa. A ƙidayar 1977 mutanen birnin Agadas ba su wuce dubu 20 da ƴan kai ba. A ƙidayar 2012 sun haura dubu 110, wato cikin shekara 35 garin ya ninka kansa fiye da sau biyar. Kuma wasu manyan abubuwan da suka jawo mutane, irin su zinariya, bayan wannan ƙidaya suka zo. Wanda ya san Agadas shekara 20 da suka wuce, in ya sauka yau a unguwanni irin su Dagamanet ko Misrata ko Pays-Bas, sai ya nemi mai nuna masa hanya.

Me ke jan mutane?

Agadas ba ta girma a hankali kamar Maraɗi, wadda noma da kasuwancin iyaka ke ciyarwa shekara da shekaru. Girmanta zuwa yake yi kamar ruwan ƙorama: ya taho da ƙarfi, ya ɗauke, ya bar abin da ya kwaso.

Da farko yuraniyom ne. An kafa Arlit a ƙarshen shekarun 1960, kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a 1971, COMINAK ya biyo a 1978, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa ta bi ta Agadas har Arlit. Sai zamanin Turawa masu yawon buɗe ido, da jirage ke sauke su kai tsaye daga Faransa, maƙeran azurfa da direbobi da masu masauki suna cin abinci. Tawayen shekarun 1990 da na 2007 zuwa 2009 suka kashe wannan kasuwa. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 jigilar matafiya zuwa Libiya ta zama babbar sana'ar gari, daga direba har mai sayar da jarkar ruwa da rawani da tabarau. A 2014 aka gano zinariya a Jado, sannan a Cibarakaten kusa da iyakar Aljeriya, matasa suka kwarara daga ko'ina, har daga Cadi da Sudan.

To amma dubi yadda kowace ta ƙare. Dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure, da aka fara aiki da ita gadan-gadan a 2016, ta sa an kama motoci an ɗaure direbobi, sai a watan Nuwamban 2023 hukumomin soja suka soke ta. An rufe wurin haƙar zinariya na Jado a 2017. COMINAK ya rufe a ƙarshen Maris na 2021. Sojojin Amurka da ke da sansani a gefen gari, inda ƴan gari da dama ke aikin ƙwadago, sun kwashe kayansu a watan Agustan 2024. Duk lokacin da wata ƙofa ta rufe, mutanen da ta jawo ba duka suke komawa gida ba. Wani kunya ta hana shi komawa hannu banza, wani ba shi da kuɗin mota, wani ya riga ya yi aure. A kan waɗannan kuma ga waɗanda Aljeriya ke korowa ta Asamaka, cikinsu har da mata da yara ƴan yankin Kance da Magarya, da yawansu a Agadas ake fara sauke su.

Saboda haka mai shirin ƙaura ya fara tambayar kansa: aikin da zan je yi, a kan wace ƙofa yake rataye? Magini da tela da mai gyaran babur da mai tuwo-tuwo sukan samu abin yi ko da wace kasuwa ke ci. Wanda kuwa zai kwashi iyali saboda labarin zinariya kawai, gara ya bar su gida tukuna.

Maganar ruwa

Nan ne gizo ke saƙa. Mutumin kudu in ya isa Agadas, abin da ke fara ruɗinsa shi ne fili. Ka duba gabas ka duba yamma, ba gona ba kurmi, sai ka ce gari zai iya tafiya har inda ido ya tsaya. Amma a hamada ba ƙasa ce ke ƙarewa ba, ruwa ne.

Ruwan saman da Agadas ke samu a shekara bai cika wuce milimita 150 ba, kuma kusan duka cikin Yuli da Agusta yake sauka. A Maraɗi ana samun ninkinsa uku ko fiye. Abin da ya rayar da garin tun asali shi ne ƙoramar Telwa, wadda ke gangarowa daga duwatsun Abzin. Kwanaki kaɗan take gudu a shekara, amma ruwan da ta bari cikin yashi shi ne rijiyoyi da garake ke sha har wata damana. Wannan ya ishi garin mutum dubu 20. Da gari ya ƙaru, dole aka fita nesa, aka haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfi a wajen Kerbubu, tafiyar kilomita gommai daga gari, ana turo ruwan da inji ta cikin bututu.

Abu biyu ke biyo bayan haka. Na farko, ruwan famfo ya dogara ga wuta: in kuran ya ɗauke, injin turo ruwa ya tsaya. Wutar Agadas kuwa mafi yawanta daga tashar gawayin SONICHAR ta Cirozerin take zuwa, tashar da aka gina tun farkon shekarun 1980 musamman don ma'adinan Arlit, kuma ta tsufa. Cikin Afrilu da Mayu da Yuni, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kowa na neman fanka da ruwan sanyi, a lokacin ne wuta da ruwa suka fi yankewa tare. Na biyu, bututu ba ya tafiya da saurin da gari ke tafiya. Ana yanka filaye a sayar, mutane su gina, sannan a zauna jiran famfo shekara da shekaru. Unguwar da ke ƙarshen layi ko a kan tudu, ko da an ja mata bututun, sau da yawa sai tsakar dare ruwa ke isowa, mata su kwana suna tsaron jarkoki.

Inda famfo bai kai ba, sai ƴan ga-ruwa da masu amalanken jaki da motocin tanki. Kuma kowa ya sani, jarkar da aka turo maka har ƙofar gida ta fi ta bakin famfo tsada nesa ba kusa ba. Ga abin takaicin: talakan da ya gudu bakin gari don haya ta yi masa tsada a tsakiya, shi ne ke sayen ruwa mafi tsada a garin. Abin da ya rage a kuɗin ɗaki, ya mayar da shi a jarka, har da ƙari. Mai gini ma haka, don bulo da yaɓe duk ruwa suke sha. Mu a ƙauye mun saba mace ta ɗauki guga ta nufi rijiya ba ta biya ko dala ba. Can kuwa ruwa na cikin cefanen kullum, kamar hatsi.

Ruwan da ke rasawa shi ne kuma ke cin gida

Wani zai yi dariya in an ce masa ambaliya a hamada. Mutanen Agadas ba sa dariya. A farkon watan Satumban 2009 an yi ruwa mai ƙarfi a kan duwatsu, Telwa ta cika ta fasa madatsar da ke kare gari, ta shiga unguwanni cikin dare, dubban gidaje suka rushe. Ƙasar dutse ba ta shan ruwa kamar jigawarmu. Abin da ya zuba a Abzin gangarowa yake yi gaba ɗaya, kuma yana iya isowa gari alhali ko ɗigo bai sauka a kanka ba.

Tsofaffin gari sun san hanyoyin ruwan, shi ya sa ba su gina a kansu ba. Baƙo bai sani ba. Ya zo cikin Janairu, a nuna masa fili shimfiɗaɗɗe mai yashi mai laushi, a ce masa da araha. Wannan laushin yashin kansa shaida ne cewa ruwa na bi ta nan. Yawancin sababbin zuwa kuma da ƙasa suke fara gini, ko su kafa rumfar tabarma, kuma mun ga abin da damanar 2024 ta yi wa ginin ƙasa a duk faɗin Nijar, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi.

Kukan ƴan gari

Ya kamata a saurari masu gida su ma. Tsohon birnin Agadas, da fadar Sarkin Abzin da masallacin nan mai hasumiyar ƙasa ta mita 27 da aka gina a ƙarni na 16, ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. Wannan ya sa akwai ƙa'ida kan yadda ake gini a tsofaffin unguwanni irin su Katanga da Amarewat da Obitara, ba kowa ke tashi ya zuba siminti da kwano yadda ya ga dama ba. Ƴan gari na kukan haya ta hau, shara da ledoji sun toshe magudanai, azuzuwan lakkol sun cika, layi a likita ya yi tsawo, sata da shaye-shaye sun ƙaru. Makiyaya da masu garake na gefen gari kuma suna ganin ana yanka wuraren kiwonsu ana kafa duwatsun iyaka.

Kukan nan na da gaskiya a cikinsa, sai dai ba daidai ba ne a ɗora shi duka a kan talakan da ya zo neman abinci. Agadas tun kafuwarta zangon ayari ce. Raƙuman da ke ɗauko gishiri da dabino daga Bilma da Fashi, kudu suke gangarawa su komo da hatsin Damargu da na ƙasar Hausa, kuma Hausa ce harshen kasuwar garin tun kaka da kakanni. Har yau geron da ake ci a Agadas daga kudu yake hawa, tafiyar kilomita 400 da wani abu ta Tanut da Adarbisinat, ko ta Abalak, kan hanyoyin da direbobi suka daɗe suna kuka da su. Shi ya sa tiyar hatsi can ta fi ta gida tsada. Irin su albasa da dankalin Turawa da lemun Timiya ne za ka ce na gida ne. A ganinmu, laifin da ya fi girma na masu yanka filaye ne su sayar ba tare da an tanadi ruwa da magudana da filin makaranta ba, da kuma hukumomin da ke sa hannu.

Ga mai sayen fili daga nesa

Ƴan uwa da ke waje, ku ne aka fi cuta a wannan harka, don hoto kawai ake turo muku ta WhatsApp. Fili iri biyu ne. Akwai wanda ke cikin lotisma, wato yankan da hukuma ta amince da shi, mai lamba da takardar mallaka daga ma'aikatar magajin gari. Akwai kuma wanda wani ya ce gadonsa ne, ya rubuta maka takarda da shaidu biyu. Na biyun ya fi araha, amma ran da hukuma ta zo yanka unguwar, hanya na iya bi ta tsakiyar ɗakinka, ko wani ya fito da tasa takardar a kan filin nan guda. Ko mai lambar ma, a je ofishin filaye a duba rajista a tabbatar sunan mai sayarwa ne a kai, kafin jika ɗaya ta fita.

Sannan a tura mutum na jiki, ba dillali ba, ya taka da ƙafarsa. Ya tambayi maƙwabta inda suke ɗibar ruwa da nawa suke sayen jarka a watan Mayu, ba a watan Disamba ba. Ya tambayi famfo mafi kusa, da lakkol, da ɗakin shan magani. Ya dubi gindin katangun da ke kewaye ko akwai alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa. In da hali a jinkirta biya har Agusta, a je a ga filin kwana ɗaya bayan Telwa ta sauko.

Mai tafiya da iyali kuma, kada ya sayar da gonarsa don kuɗin mota da na haya. Ya ba ɗan uwa aro ko ya jinginar da wani yanki, ya je shi kaɗai ya ga bazara ɗaya da idonsa. Ya kuma tafi da takardun haihuwar yara, don za a tambaye su wajen sa su lakkol, da bargo mai kauri, saboda sanyin Disamba da Janairu a Agadas ba irin wanda muka sani ba ne a kudu.