Gargaɗin da ke zuwa ya ɓace: yadda ake bin sawun matsalar na'urar hana santsi a motar Corvette da ire-irenta

A cikin lalurorin mota babu mai cin rai kamar wadda ke ɓuya da zarar an isa gareji. Direba ya tayar da mota da safe, ya ɗan taɓa tafiya, sai rubutu ya fito a allon da ke gabansa cewa na'urar daidaita tafiya tana buƙatar dubawa. Ya tsaya ya kashe inji, ya sake tayarwa, rubutun ya ɓace kamar ba a yi ba. Kwana uku shiru. A rana ta huɗu, yana tsakiyar shan kwana, sai ga shi ya dawo. Idan aka kai wa bakanike kuwa, motar garau take, har a fara yi wa direban kallon mai ƙirƙirar magana.

Masu Chevrolet Corvette, motar nan mai kujera biyu da ake ƙerawa domin gudu a garin Bowling Green na jihar Kentucky a Amurka, sun daɗe da sanin wannan ciwon kai. A motarsu rubutun yakan fito da Turanci, "Service Active Handling", kuma shekaru da dama ya yi yana wahalar da su. Corvette ba mota ce da ake yawan gani a titunan Abuja ba, amma na'urar da ke yin wannan ƙorafi tana cikin yawancin motocin da ke ajiye a harabar ma'aikatu. Suna ne kawai ya bambanta: Toyota na kiranta VSC, Honda VSA, Mercedes-Benz ESP, BMW DSC, Porsche kuma PSM. Hadimin da maigida ya miƙa wa makulli ya ce a je a kashe masa wannan wuta, da ma'aikacin da ya tara albashi ya sayi tokumbo, duk tarko ɗaya ne ke jiransu.

Aikin na'urar ba shi da wuyar fahimta. Akwai sensa a kowace ƙafa ta mota mai ƙirga saurin juyawar taya. Akwai wata a sandar sitiyari mai faɗin inda direba ya nufa. Akwai kuma wata a tsakiyar mota mai auna yadda gangar jikin motar ke juyawa da yadda take karkata gefe. Duk waɗannan bayanai suna taruwa a wata ƙaramar kwamfuta da ke haɗe da famfon birkin ABS, wadda ke kwatanta inda direba yake so ya je da inda motar take tafiya a zahiri. Idan bayan mota ya fara zamewa a kwana, sai ta taka birkin tayar gaba ta ɓangaren waje ita kaɗai. Idan gaban ne ya ƙi bin sitiyari, sai ta kama tayar baya ta ɓangaren ciki, ta kuma rage ƙarfin inji idan da buƙata. Direba mai feda ɗaya ta birki ba shi da ikon yin haka, komai ƙwarewarsa.

Kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz ne suka fito da ita kasuwa a 1995. Ta yi suna bayan da wata ƙaramar Mercedes, A-Class, ta kife a wani gwajin kauce wa cikas a Suwidin a 1997, kamfanin ya mayar da martani da sanya na'urar a motar. Amurka ta wajabta ta a kan sababbin ƙananan motoci tun daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma daga Nuwamban 2014. Ke nan kusan duk tokumbon da aka ƙera bayan waɗannan shekaru tana ɗauke da ita.

To me ya sa gargaɗin ke zuwa ya tafi? Domin kwamfutar mai yawan zargi ce, kuma da gangan aka yi ta haka. Na'urar da ke da ikon taka birki ba tare da izinin direba ba, bai kamata ta yi aiki da bayanin da take shakka a kansa ba. Saboda haka idan saƙon sensa ɗaya ya yanke ko da na ƙiftawar ido ne, ko ya saɓa wa sauran, sai ta janye hannunta, ta kunna gargaɗi, ta zauna a haka har a kashe mota. Da an sake tayarwa sai ta sake gwada komai, ta ga lafiya, ta koma aiki. Ɓacewar rubutun ba ta nufin an warke. Abin da take nufi kawai shi ne a daidai wannan lokaci wayar da ke kwance tana taɓa inda ya kamata.

Ɗan soket da ya jawo janye motoci 40,000

Labarin Corvette ƙirar 2005 da 2006 shi ne mafi kyawun misali. Da yawa daga cikin waɗannan motoci suna da sitiyarin da ake iya ɗagawa ko saukewa, a kuma jawo shi ko a tura shi ciki domin ya dace da zaman direba. Yawan wannan kai da kawowa yana jan wayoyin da ke zuwa sensar sitiyari, har soket ɗin ya riƙa sakin jiki. Saƙo ya yanke, gargaɗi ya fito. Mafi muni shi ne, a wasu lokuta ƙalilan, kwamfutar takan karɓi gurɓataccen bayani a matsayin gaskiya, ta zaci motar na zamewa, ta taka birkin taya ɗaya ko fiye, motar ta fizga hagu ko dama alhali tana kan miƙaƙƙen titi.

A 2010 kamfanin General Motors ya janye kimanin motoci 40,000 na waɗannan shekaru biyu domin gyara. Gyaran kuwa ba sauya kwamfuta ba ne, ba sauya sensa ba ne. Ɗan maƙali ne aka ƙara wa soket ɗin domin ya riƙe wayoyin kada su yi motsi. A irin waɗannan motoci lambar matsalar da na'urar bincike ta fi nunawa ita ce C0710, wadda ke nuni ga saƙon sensar sitiyari. Wanda ya karanta lambar ya garzaya ya sayi sabuwar sensa yana iya kashe kuɗi a banza, domin lambar tana faɗin layin da matsalar take ne, ba ta rantse cewa sensar ce ta mutu ba. Waya da soket duk suna kan wannan layi.

Nan ne kuskure na farko yake faruwa, a Amurka ko a garejojin Apo. Kowace mota da aka sayar a Amurka tun daga 1996 tana da kafar bincike mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari. Lambobin matsala kashi huɗu ne: masu farawa da P na inji da giya ne, C na birki da ƙafafu da sitiyari, B na kayan cikin jikin mota, U kuma na sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Yawancin ƙananan na'urorin bincike masu araha lambobin P kaɗai suke gani. Sai mai gyara ya jona, ya ce babu komai, alhali bai ma shiga ɗakin da ake kuka ba. Wani kuma yana da na'ura mai kyau, ya ga lambobin, sai ya danna gogewa nan take domin a ga wutar ta mutu a biya shi. Matsalar da ke zuwa ta tafi ba ta barin wata shaida sai wadda kwamfuta ta adana, wato lambar da kuma, a motoci da dama, saurin da ake yi da ƙarfin lantarkin da ke akwai a lokacin da abin ya faru. Wanda ya goge wannan kafin ya rubuta ya share sawun ɓarawo da hannunsa. Cire kan batir domin wutar ta mutu ma kusan haka yake.

Corvette ƙirar 1997 zuwa 2004 tana da wata baiwa da yawancin motoci ba su da ita: direba na iya ganin lambobin a allonsa ta hanyar danna wasu maɓallai, ba tare da na'ura ba. Kowace lamba tana zuwa da harafin C idan matsalar tana nan yanzu, ko H idan ta faru a baya. Wannan bambanci, tsakanin abin da ke faruwa da abin da ya taɓa faruwa, shi ne abin da ya kamata mai mota ya tambaya ko wace iri yake tuƙawa.

Daga mai araha zuwa mai tsada

Ƙwararrun masu wayarin sukan fara da batir, kuma suna da hujja. Lafiyayyen batir da ya huta yakan nuna kimanin bolt 12.6 a ma'auni, idan inji na aiki kuma ya tashi zuwa wajen 14. Batirin da ya gaji yana iya tayar da mota, amma a daidai lokacin da ake murza makulli ƙarfinsa kan faɗi ƙasa sosai, kwamfutocin su rikice su yi ta rubuta lambobin da ba su da alaƙa da juna. Motocin gudu sun fi faɗawa wannan hali domin ba kullum ake hawansu ba. Motar da ke kwana uku ko mako biyu a rufe a gareji tana jiran ƙarshen mako, batirinta na tsiyayewa a hankali. Idan gargaɗin ya fi fitowa da an tayar da mota bayan doguwar ajiya, kuma ya zo tare da tarin lambobin U, to a bar sensa ta huta tukuna. Haka nan wayoyin da ake ɗaurewa a jikin shasi domin lantarki ya kammala zagayensa: tsatsa kaɗan a wurin ɗaurin ta isa ta haifar da duk wannan rikici, kuma masu tsohuwar Corvette sun san kankare waɗannan wurare kamar yadda suka san sauya man inji.

Bayan lantarki sai ƙafafu. Wayar sensar taya tana lanƙwasa duk lokacin da aka juya sitiyari ko aka faɗa rami, don haka takan karye daga ciki alhali robar da ta rufe ta lafiya lau take a ido. Boris ɗin ƙafa da ya fara wasa yana sauya tazarar da ke tsakanin sensa da zoben da take karantawa. Hanyar kama wannan ita ce a jona na'ura, mutum ɗaya ya tuƙa, wani ya zuba ido a kan saurin tayoyi huɗun. Wadda ke faɗuwa zuwa sifili ta dawo, ita ce mai laifin. A tsaye kuma ana girgiza wayoyi ɗaya bayan ɗaya ana kallon allo. Aiki ne na haƙuri, shi ya sa ba kowa ke son yinsa ba.

Tayoyin kansu ma abin dubawa ne. Corvette tana fitowa da tayoyin baya da suka fi na gaba girma: inci 17 a gaba da 18 a baya a ƙirar 1997 zuwa 2004, sannan 18 da 19 a wadda ta biyo bayanta. Kwamfutar ta san wannan bambanci ta kuma yi lissafi da shi. Wanda ya sa taya mai wani girma dabam domin ita ya samu a kasuwa ya ɓata lissafin, kuma gargaɗin ba zai fito ba sai an kai wani gudu. Saitin ƙafafu da aka yi aka bar sitiyari a karkace ma yana sa sensa ta ce ana shan kwana alhali motar na tafiya a miƙe.

Akwai ƙananan abubuwa da ake mantawa da su: makunnin fitilar birki da ke bayan feda, da man birkin da ya yi ƙasa yake kaɗawa a kwana. A motocin Toyota da dama ma, duk matsalar da ta kunna wutar inji tana jan ta VSC su fito tare, har murfin tankin mai da ba a ɗaure da kyau ba yana iya zama sanadi.

Kwamfutar birkin ita ce ta ƙarshe da ya kamata a zarga, duk da cewa ita ake fara ambata domin ita ce mai tsada. Tana lalacewa, ba a musu. A Corvette ta 2001 zuwa 2004 lambar C1214 ta yi ƙaurin suna, kuma sau da yawa dalma ce ta tsage a ƙafafun wani ɗan rile da ke cikin akwatin, tana haɗuwa idan da sanyi ta rabu idan ta ɗau zafi. Masu gyaran lantarki sukan buɗe su sake narka dalmar. Amma ko a nan sai an tabbatar wuta na isa akwatin yadda ya kamata kafin a yanke masa hukunci. Motar da ta taɓa nutsewa a ambaliya kafin a yi gwanjonta a shigo da ita kuwa, labarinta dabam ne: ruwan da ya kwana a soket yana ci gaba da cin ƙarfe shekara da shekaru, yau nan gobe can.

Ana iya ci gaba da tuƙi? Idan gargaɗin hana santsi ne kaɗai ya fito, birki na yau da kullum yana nan, sai dai kariyar ta tafi, wani lokaci har da ABS. A busasshen titi da tafiya a hankali direba ba zai ji bambanci ba. A kan titin filin jirgin sama ko na Kubwa cikin ruwan Agusta, da mota mai ƙarfin doki 400 da ke tura kanta da tayoyin baya kamar Corvette ta 2005, bambancin yana iya zama tsakanin ɗan firgici da dukan shingen titi. Idan kuma jar wutar birki ta fito tare da shi, ko motar ta taɓa fizga da kanta, to a ajiye ta har sai an gano dalili.

Hadimin da aka aika gareji yana da abin da zai kai wanda ya fi makulli amfani. Ya ɗauki hoton allon duk lokacin da rubutun ya fito, ya rubuta ko da sanyin safiya ne ko bayan doguwar tafiya, a kwana ne ko bayan rami, bayan ruwan sama ne ko bayan an wanke inji da ruwa mai ƙarfi, ko kuwa bayan wani ya gyara zaman sitiyari. Ya nemi a rubuta masa lambobin a takarda kafin a goge. Idan motar daga Amurka aka shigo da ita, ya shigar da lambar shasinta mai haruffa da alƙaluma 17 a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurran manyan hanyoyi ta ƙasar, NHTSA, inda zai ga ko akwai wani gyaran janyewa da mai ita na farko bai kai an yi ba.