Jijiyar Sayatik da Hatsarin Allurar Ɗuwawu

Jijiyar sayatik ita ce mafi kauri da tsawo cikin jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin laka da gaɓoɓi. Tana tasowa daga rassa biyar na ƙasan gadon baya, ta fito daga ƙashin ƙugu ta ƙarƙashin wata ƙaramar tsoka da ake kira firifomis, sannan ta gangara ta bayan cinya har kusa da lanƙwasar gwiwa, inda takan rabu biyu: reshen tibiyal mai sauka zuwa tafin ƙafa, da reshen fibula mai zagayawa ta gefen gwiwa domin ɗaga ƙafa da yatsunta.

Wannan shi ne fasalin da littattafai suka fi zanawa, amma ɗaliban likitanci na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, kamar takwarorinsu a ko'ina, sukan gano a ɗakin nazarin gawa cewa ba kowane jiki ke bin zanen ba. Tun a 1937 Beaton da Anson, masana a Amurka, suka kasa hanyoyin jijiyar gida shida. A jikin fiye da kashi 80 cikin 100 na mutane takan wuce a dunƙule ta ƙarƙashin tsokar, amma a wasu takan rabu tun cikin ƙugu, reshen fibula ya huda tsokar ko ya bi ta samanta, har ma akan samu mutum ɗaya wanda damansa ta saɓa wa hagunsa.

An daɗe ana ɗora wa wannan saɓani alhakin ciwon da ke tashi daga ɗuwawu ya sauka ƙafa, sai dai nazarin da wani masani mai suna Smoll ya wallafa a 2010 ya nuna cewa masu ciwon ba su fi sauran jama'a yawan saɓanin ba. Muhimmancinsa na zahiri yana wurin likitan da ke tiyatar ƙugu, da mai allurar kashe zafi, wanda idan jijiyar ta rabu da wuri zai iya samun reshe ɗaya ya bar ɗayan.

Ga jama'ar Samaru da Sabon Gari kuwa, inda, kamar sauran garuruwan Arewa, mutane da dama suka fi amincewa da allura a kan ƙwaya, hatsarin allurar ɗuwawu ga jijiyar ya fi shafar yara. Ƙa'ida ita ce a raba ɗuwawu gida huɗu a soka a kashin sama na waje, domin jijiyar ta fi kusa da ƙasa da tsakiya. Jarirai kuwa, da yake tsokarsu ba ta cika ba, gefen cinya ake yi musu. Idan allura ta taɓa jijiyar, reshen fibula ya fi saurin lahanta, yaro ya soma jan ƙafa, abin da iyaye kan ɗauka shan inna ne, alhali tun Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. Duk da haka, kowace shanyewar ƙafa ta farat ɗaya ga yaro tana bukatar a kai shi asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Shika, domin a yi gwaji a kuma fara gashi da wuri.