Maratayin Jita: Darasi Daga Majanyi Da Gammo

Yau filin namu zai taɓo wani abu da wata za ta ce ba ruwanmu da shi, watau maratayin jita mai aiki da lantarki. Kada ki yi saurin juya shafi. Ko ba ki taɓa riƙe jita ba, wataƙila ɗanki ko ƙanenki yana cikin masu kiɗa a wurin biki, ko 'yarki tana sha'awar koyo. In kuwa kina da keken ɗinki, to, akwai kuɗin gishiri da daddawa a cikin wannan magana.

Mu a nan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mun fi sabawa da kalangu, irin wanda makaɗan marigayi Alhaji Mamman Shata suke ratayawa a kafaɗa tun yana zaune a Funtuwa har rasuwarsa a 1999. Amma yanzu amon jita ya shigo mana ta wayar hannu, musamman irin na Buzayen Nijar. Ba kuma maza kaɗai ke kaɗa ta ba. Fatou Seidi Ghali, wata yarinya daga ƙauyen Illighadad a jihar Tawa, da jitar yayanta ta koya. Faifansu na farko ya fito a 2016, daga baya ita da abokan kiɗanta suka yi wasa har Turai da Amurka.

Bambancin kalangu da jita mai lantarki shi ne nauyi. Kalangu rami ne a cikinsa, ita kuwa wannan jita yawanci gangar jikinta katako ne curi guda, ga ƙarafa da maganaɗisu a kai. Irin wadda ake kira Fender Stratocaster, da ta fito a 1954, takan yi kamar kilo 3 da rabi. Gibson Les Paul, ta 1952, takan kai kilo 4 ko fiye. Watau nauyin jariri sabon haihuwa ke nan, ko ma ya ɗara. To, uwargida, wace ce a cikinmu za ta goya jariri da siririyar igiya? Sai an sa zane, an ɗaure da majanyi mai faɗi. Amma sai ki ga yaro ya rataya jita da igiyar da ba ta fi ɗan yatsa ba, ya tsaya awa uku yana kiɗa, washegari ya tashi wuya ya ƙi juyawa.

Abu na farko da za a duba shi ne faɗi. Kin san yadda igiyar guga ke cin hannu, kin kuma san amfanin gammo a ƙarƙashin tulu. Gammo ba ya rage ruwan da ke cikin tulu, baza nauyin yake yi don kada ya taru wuri guda. Haka maratayi. Mai faɗin inci 3 yana raba nauyin a kan fili ninki uku na mai inci 1. Wanda aka fi sayarwa shi ne mai inci 2, kamar bel ɗin kujerar mota, kuma ya ishi jita marar nauyi. In mai nauyi ce, a nemi inci 2 da rabi zuwa 3. Amma yarinya mai ƙaramar kafaɗa kada a ba ta wanda ya wuce kima, don gefensa zai riƙa gugar wuyanta.

Na biyu, a duba da me aka yi shi. Na nailan yana da araha, ba ya tsinkewa da wuri, sai dai yana da santsi. Akwai jitar da wuyanta ya fi gindinta rinjaye, da an saki hannu sai kanta ya sunkuya ƙasa. In maratayin mai santsi ne, hannun hagu zai koma aikin tallafe ta maimakon kiɗa, nan da nan ya gaji. Na auduga ya fi kama riga, yana shan gumi a lokacin bazara, kuma ana iya wanke shi. Na fata ya fi duka ƙarko, musamman in cikinsa mai kaushi ne. Amma sabo yana da tauri sai ya sha hannu, kuma da hunturu yakan bushe, sai an ɗan shafa masa man kaɗanya. In rinanniyar fata ce, a goga mata jiƙaƙƙen farin tsumma tun a kasuwa, domin wata takan zuba a farar riga idan gumi ya taɓa ta.

Na uku, tsawo. Yawancin na kanti ana iya daidaita su daga wajen inci 40 zuwa 60. Ga hanya mai sauƙi ta gane daidai: mai kiɗa ya zauna a kujera, ya ɗora jitar a cinya yadda ya saba, a ɗaura maratayin har ya miƙe, sa'an nan ya tashi tsaye. In jitar ta zauna inda take, an dace. Samari suna son sakin ta har gwiwa don kwaikwayon waɗanda suke gani a talabijin, wannan kuwa yana lanƙwasa wuyan hannu fiye da kima. A kuma lura maratayin ya zauna a tsakiyar kafaɗa, ba a jikin wuya ba. Duk wanda ya ji yatsunsa suna mutuwa, ko ciwo ya ƙi tafiya bayan hutu, ya je asibiti, kada a tsaya shafe-shafe.

Na huɗu, bakin maratayi. Jita tana da ƙusoshi biyu masu kai kamar maɓalli, nan ake maƙala shi. In ramin fatar ya buɗe, sai ya zame, jita ta faɗi ƙasa, a yi asarar abin da aka daɗe ana tara wa kuɗi. Araha ba ta ado. A zaɓi mai baki na fata mai kauri, wanda sai an sha ɗan wuya kafin ya shiga. In ya fara saki, a yanko ɗan zobe daga tsohon tub na keke a danna a bisansa.

Yanzu ga inda sana'a ta shigo. Ƙasarmu ƙasar auduga ce, muna da masaƙa, muna da dukawa. Ki sami saƙi mai kauri irin na majanyi. Ki gwada tsawon da igiya a jikin mai jitar. Ki yanka faɗin inci 7, ki ninka biyu ki ɗinke, zai ba ki wajen inci 3. Inda zai hau kafaɗa ki cusa siririn soson katifa mai tsawon kamar ƙafa ɗaya, ki bi shi da layin ɗinki uku don kada ya dunƙule. Sa'an nan ki aika wa baduku ya sa bakin fata a kowane gefe, na baya ya yi shi dogo da ramuka huɗu ko biyar don ƙara tsawo da ragewa. Irin wannan aiki makaɗan kalangu da na ganga ma za su saya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ku kuma 'yan makaranta, maganar nan ta shafi jakar littattafanku. A ajina nakan ga yarinya ta karkace gefe guda saboda siririn hannun jaka ya nutse mata a kafaɗa. Ki zaɓi mai hannu biyu masu faɗi, ki rataya duka biyun, manyan littattafai su zauna ta wajen bayanki. Likitoci suna ba da shawara kada nauyin jaka ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin mai ɗauka.

Uwargida, yau da dare ki ɗaga jakar 'yarki ki ji nauyinta, ki kuma duba maratayin duk wani mai kiɗa da ke gidanki.